Kiwon Kaji: Idan Zakaru Suka Yi Yawa A Gida

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi duk mai 'yan kaji a tsakar gida. Idan kaza ta yi kwancinta na kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kusan rabin 'yan tsakin maza ne. Tun suna ƙanana ba a damuwa. Sai sun kai wata huɗu ko biyar, uwargida ta farga gida ya cika da cara da faɗa, dusa tana ƙarewa, ƙwai kuma ya ja baya.

Abin da masana kiwo suka daidaita a kai shi ne zakara 1 ya ishi kaji 8 zuwa 10. In kuwa ƙwan ci kawai kike so, ko zakara babu kaza za ta yi ƙwanta, sai dai ba zai ƙyanƙyashe ba. To ki duba, kaji shida, zakaru biyar, me za a yi da su? Wahalar a kan kajin take ƙarewa. Wannan ya yi barbara ya sauka, wancan ya hau, har gashin bayansu da na ƙeya ya tsige, wani lokaci fata ta tsage. Kazar da ake kora wuni guda ba ta samun sukunin cin abinci, balle ta saki jiki ta yi ƙwai. Sau da yawa mukan ɗora laifin a kan ƙwarkwata ko cuta mu sayo magani, alhali zakarun ne.

Tun suna sati 6 zuwa 8 za ki iya gane mazan, zankonsu ya fi girma da ja, ƙafafunsu sun fi kauri. Ki zaɓi ɗaya mai faɗin ƙirji da kuzari, wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba. Ni dai ba na barin mai kai wa yara sara, komai kyansa. Kuma kada zakara ɗaya ya shekara biyu yana bin 'ya'yansa da jikokinsa, don iri yana lalacewa. Ki yi musanya da wata 'yar uwa daga wata unguwa, amma baƙon ki keɓe shi sati 2 kafin ki haɗa shi da naki.

Sauran ki ware su a akurkinsu daban, inda ba sa ganin kaji, faɗan zai ragu sosai. Ki ba su dusa da tsakin masara ko dawa, da ruwa mai tsabta, na 'yan makonni su yi nauyi. Kada dai kiwon ya zarce wata shida. Daga nan girma ya kusa tsayawa, nama ya fara tauri, duk abin da ya ci kuma daga aljihunki ne.

Lokacin sayarwa ma abin lura ne. Ana gobe sallah kuɗinsu kan tashi. Amma in hunturu ya gabato kada ki ce sai sallah, domin a lokacin ne annobar Niyukasil ta fi share kaji, wadda za su riƙa gyangyaɗi, wuya ya karkace, da koren kashi. Waɗanda za ki bari a nemo ma'aikacin dabbobi ya yi musu rigakafi.

Ba dole sai kasuwa ba. Farfesun zakara ga mai jego ko maras lafiya abu ne da aka sani, ga dambu mai jimawa bai lalace ba, ga maƙwabciya mai marayu da ta daɗe ba ta ɗora nama ba. Sai dai a sani, a wurin mafi yawan malamai zakara ba ya isar wa layya ko yankan suna. Kuma kada a bar yara su riƙa haɗa su faɗa, shari'a ta hana.

Wajen yanka a wasa wuƙa sosai, a ambaci sunan Allah, kada a yanka ɗaya a gaban ɗan uwansa. In maigida ba ya nan, yankan mace halal ne, duk da al'adarmu ba ta saba ba. Wanda aka ba maganin cuta a jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika tukuna. Wanda kuwa ya kwanta ciwo, kar a yi saurin sa masa wuƙa don gudun asara a ciyar da iyali; in ya mutu a haƙa rami mai zurfi a binne shi, a wanke hannu da sabulu.