Yadda ake zaɓen harshen da za a sake rubuta manajan fakiti da shi

Manajan fakiti shi ne manhajar da ke ɗauko sauran manhajoji daga rumbu a intanet, ta gano wacce ke buƙatar wacce, ta girka su, ta sabunta su, ta kuma cire su idan an gama da su. Debian na da apt, Fedora na da dnf, masu Python suna da pip, masu Mac da yawa kuma Homebrew suke amfani da shi. Duk sa'ad da irin wannan buɗaɗɗiyar manhaja ta tsufa aka fara zancen sake rubuta ta, gardama takan koma kan harshe tun ranar farko: wannan ya ce Rust, wancan ya ce Go, wani ya dage sai C++. A ganina gardamar ta yi sammako. Harshe shi ne abin da ake tsayarwa a ƙarshe, bayan wasu tambayoyi sun rage jerin, kuma sau da yawa kafin a gama tambayoyin abin da ya saura bai wuce biyu ba.

Da farko sai a gano ciwon, a kuma auna shi. “Yana da nawa” ba bayani ba ne. A ina lokacin yake tafiya: wajen saukewa daga intanet, wajen rubutu a faifai, ko wajen lissafin dogaron fakiti a kan fakiti? Conda, wanda masu binciken kimiyya ke yawan amfani da shi, ya yi suna wajen jinkiri a wannan lissafin. Wasu suka rubuta Mamba da C++, suka ɗora shi a kan libsolv, injin lissafin da ya fito daga openSUSE. A 2023 conda ya ɗauki injin Mamba ya mai da shi nasa, sauran jikinsa kuma yana nan da Python. Ke nan wuri ɗaya ne ke ciwo, shi aka yi wa aiki. Wanda ya auna kafin ya fara yakan tarar cewa sake rubutun gaba ɗaya ma bai zama dole ba.

Idan ya tabbata dole ne, tambaya ta gaba ita ce mafi nauyi, kuma ita ta bambanta manajan fakiti da kowace manhaja: me zai tarar a kwamfutar kafin ya iso? Shi ne ke kawo komai, don haka duk abin da ya dogara da shi ya zama sharaɗi a kan kowa. Manhajar Python ba ta tashi sai da tafintan Python a na'urar. In sabuntawa ta lalata tafintan, manajan da zai gyara shi ma ya kwanta; guga ya faɗa rijiya ke nan. Tarihin Fedora ya nuna tsadar abin. An rubuta yum da Python, dnf da ya gaje shi a Fedora 22 cikin 2015 shi ma da Python yake. Da zamanin kwantena ya zo, inda ake son tsarin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, sai aka yi microdnf da C don a kauce wa ɗaukar Python. Aka wayi gari ana renon manhaja biyu masu aiki iri ɗaya da halaye mabambanta. DNF5, wanda aka rubuta da C++ ya kuma zama na asali a Fedora 41 cikin 2024, ya zo ne don ya haɗe su. Wannan tambaya kaɗai takan fitar da harsunan da ke buƙatar tafinta, ta bar waɗanda ake harhaɗawa su zama fayil mai tashi da kansa.

Daga nan a jera irin na'urorin da aka yi wa alkawarin tallafi. Ana harhaɗa Rust ta manhajar LLVM ne, LLVM kuwa bai san wasu tsofaffin injina da takwaransa GCC ya sani ba. A 2021, da laburaren cryptography na Python ya shigo da Rust, masu irin waɗannan injina suka tarar girkawa ta tsaya musu. A ƙarshen 2025 mai kula da apt, Julian Andres Klode, ya sanar cewa Rust zai zama wajibi a cikinsa, amma ba kafin Mayun 2026 ba, abin da ya shafi rassan Debian na alpha, hppa, m68k da sh4. Ana iya cewa masu waɗannan injina 'yan ƙalilan ne, kuma gaskiya ne. Sai dai barin su shawara ce da ya kamata a yanke ido buɗe, a sanar da su da wuri, kada su ji labari ranar da sabuntawa ta ƙi.

Sai tsaro. Manajan fakiti irin apt da dnf yana aiki da cikakken ikon shugaban na'ura, yana kwance fayilolin da suka zo daga waje, yana tantance sa hannun da ke kansu. Microsoft ya bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaron da yake toshewa daga kuskuren sarrafa memori suke, masu burauzar Chromium ma sun ba da adadi makamancin haka. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga Rust da Go a kan C da C++, ban kuma ga amfanin raina ta ba. Amma ba dukkan jikin manhajar ke fuskantar baƙon fayil ba, don haka ana iya fara sauya sassan da ke fuskantarsa kawai.

Mutane su ne tambayar da aka fi mantawa. Su wa za su duba gyare-gyaren da ake turowa bayan shekara biyar? Dubban bayanan girke-girken Homebrew da Ruby aka rubuta su, masu sa kai ne kuma suka rubuta. Wanda zai sauya harshen injin dole ya faɗi makomar waɗannan, da makomar ƙananan manhajojin da wasu suka jingina da tsohon.

Mai ja zai kawo uv, wanda kamfanin Astral ya fitar a 2024 da Rust, ya ce ga shaida: harshe kaɗai ya sa ya tsere wa pip nesa. Rust ya taimaka, musamman wajen saurin tashi da yin ayyuka da yawa lokaci guda. Amma uv yana ajiye abin da ya taɓa saukewa a wuri ɗaya ya riƙa nuni gare shi maimakon kwafa, yana lissafin dogaro da dabarar PubGrub da aka fara yi wa harshen Dart, ya kuma ƙi ɗaukar wasu tsofaffin halayen pip. Ga kuma ma'aikatan Astral da ake biya albashi. Yawancin wannan tsari ne da kuɗi, kuma ƙungiyar 'yan sa kai da ta kwafi harshen ta bar tsarin ba za ta sami saurin ba.

Bayan an rage jerin zuwa biyu, sai gwaji. A fara tara gwaje-gwajen da ke kama halin tsohon manajan, har da halayensa marasa kyau da mutane suka riga suka saba da su, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a ɗauki sashe ɗaya mai wuya, kamar lissafin dogaro a kan rumbun gaske, a rubuta shi da kowanne daga cikin harsunan biyu. A auna sauri da girman fayil da lokacin harhaɗawa, a ƙirga laburaren waje nawa kowanne ya jawo, tunda kowanne sai an bi diddiginsa. A ba wani mai taimako da bai sa hannu a rubutun ba ya karanta, ya gwada gyara kuskure ɗaya a kowanne. Wanda ya ci, a sake shi da wani suna kusa da tsohon, kamar yadda dnf5 ya zauna a rumbun Fedora ana gwada shi kafin a miƙa masa sunan dnf.