Yadda Ake Wanke Fim na Baƙi da Fari a Gida

Mutane da dama sun ɗauka wankin fim sirri ne na masu situdiyo, wai sai an samu ɗaki na musamman mai jan fitila da kayan aiki masu tsada. Gaskiyar maganar ita ce, ɓangaren aikin da ke buƙatar duhu bai wuce 'yan mintuna ba, sauran kuwa da fitila a kunne ake yin sa. Abin da ke raba fim mai kyau da lalatacce abu uku ne: zafin ruwa, tsawon lokaci, da yadda ake juya tankin. Wanda ya kiyaye waɗannan, ya kuma riƙa maimaita su iri ɗaya a kowane wanki, zai fitar da fim mai inganci ko da a banɗakin gidansa ne. Wankin fim aikin awo ne, kuma duk matakan da ke tafe suna tabbatar da haka.

Kafin a taɓa ruwa, ya kamata a san abin da ke jikin fim ɗin. A kan siririyar ledar an shafa jelatin, cikinsa kuma akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. Idan kyamara ta buɗe ido, ƙwayoyin da haske ya taɓa sukan ɗan sauya, sauyin da ido ba ya gani. Aikin ruwan farko, wato difelofa, shi ne ya mayar da waɗannan ƙwayoyi baƙar azurfa, shi ya sa inda haske ya fi yawa yake fitowa baƙi a nagetif. Sai dai difelofa ba ya tsayawa da kansa. In an bar shi ya wuce ƙa'ida, zai ci gaba da baƙanta fim har farar riga da farin bango su haɗe su zama abu ɗaya a hoto. In an cire shi da wuri, hoton ya fito dishi-dishi. Zafi kuma yana ƙara masa sauri. Daga nan ne agogo da ma'aunin zafi suka samo muhimmancinsu.

Kayan aikin ba su da yawa: tankin wanki mai murfin da ke shigar da ruwa ba tare da haske ya bi ba, kwarkwaron da ake naɗa fim a kai, kofunan awo guda uku, ma'aunin zafi, agogo, almakashi, mabuɗin kwalba, safar hannu da maƙalan shanya. Naɗa fim shi ne matakin da ake yi cikin duhu ƙirin. Jan fitilar nan da ake gani a situdiyo ta takardar hoto ce. Fim irin su Kodak Tri-X da Ilford HP5 Plus suna jin kowane launi, har da ja. Sai a toshe ƙasan ƙofa da taga, a zauna minti biyar ido ya saba, in har ana iya ganin tafin hannu to duhun bai isa ba. Wanda ba shi da irin wannan ɗaki sai ya yi amfani da baƙar jakar nan mai hannuwa biyu da aka ɗinka don haka. A jera kaya yadda hannu zai same su da lalube. A ɓalle murfin gwangwanin fim da mabuɗin kwalba, a datse siririn bakin fim ɗin ya daidaita, a sa shi a bakin kwarkwaro, a riƙa murza gefe biyun gaba da baya har ya shige duka. Gefen fim kaɗai ake riƙewa. Kwarkwaron ya kasance busasshe ƙayau, domin ɗigon ruwa ko gumin hannu kan sa fim ya maƙale ya lanƙwashe, lanƙwasar kuma ta bar tabo mai siffar jinjirin wata a kan hoto. Mai koyo ya fara gwadawa da lalataccen fim da rana, sannan da ido a rufe. Da an rufe tanki, sai a kunna fitila.

Difelofa iri-iri ne, amma wanda ya fi shahara shi ne D-76 da kamfanin Kodak ya fitar a 1927, sai takwaransa ID-11 na Ilford, da Rodinal da Agfa ya ƙirƙiro, wanda ake amfani da shi tun 1891. Shawara ita ce a zaɓi fim ɗaya da difelofa ɗaya a zauna a kansu har a san halinsu. A haɗa ruwan wanki uku, wato difelofa da ruwan tsayarwa da fiksa, tun kafin a fara, kowanne a kofinsa, duka a kan digiri 20 na ma'aunin Salshiyos. Tankin Paterson yana cin mililita 290 ga fim ɗaya mai faɗin milimita 35. Ga HP5 Plus a cikin ID-11 da ba a sirka ba, kamfanin ya ba da minti 7 da rabi. In an sirka shi rabi da rabi da ruwa, minti 13. A zuba difelofa a tashi ɗaya, a danna agogo, a kifa tankin a miƙe da shi sau huɗu cikin daƙiƙa 10, sannan a ɗan buga gindinsa a kan tebur don kumfar da ta maƙale a fim ta tashi. Haka za a yi a farkon kowane minti. Juyin yana kawo sabon ruwa kan fim ya kore wanda ya gaji. In ya yi kaɗan sai a ga zane-zane, in ya yi yawa baƙi da fari su yi tsauri. Saura daƙiƙa 10 lokaci ya cika, a fara tsiyaye ruwan.

Za a ce digiri 20 magana ce ta ƙasashen sanyi, mu kuwa a watan Afrilu ruwan famfo a Kano ko Maraɗi yakan haura digiri 30. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin zafi mai yawa yana tausasa jelatin, yana kuma gajarta lokaci har ya sauka ƙasa da minti 5, inda wanki ke fitowa ba daidai ba. Amma maganinsa ma awo ne. A sa kofunan cikin roba mai ruwa da ƙanƙara har su sauko, tankin ma ya zauna a cikin robar tsakanin juyi da juyi. In digiri 20 ya gagara, a tsaya a 24 a rage lokaci bisa jadawalin kamfani: wankin minti 10 yakan dawo kusan minti 7. Sirka difelofa yana taimakawa, tunda yana tsawaita lokacin. Abin gudu shi ne a fitar da fim daga ruwa mai sanyi a watsa masa mai zafi, domin jelatin kan yamutse ya bar tsage-tsage a duk faɗin hoton. Duk ruwan da zai taɓa fim, har na ɗauraya, kada ya yi nisa da zafin na farko.

Bayan difelofa sai ruwan tsayarwa, mai ɗan tsami, na kimanin daƙiƙa 30. Difelofa yana aiki ne a ruwa mai kanwa-kanwa, tsami kuwa yana kashe shi nan take. In babu, a ɗauraye da ruwa zalla sau biyu. Daga nan sai fiksa, wanda ke narkar da gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, yadda fim zai iya fuskantar rana ba tare da ya baƙanta ba. John Herschel na Ingila ne ya gano a 1819 cewa sinadarin da ake kira haipo yana narkar da wannan gishiri, kuma har yau shi da danginsa ake amfani da su. Fiksa mai sauri na Ilford ana sirka shi kashi 1 da ruwa kashi 4, a bar fim a ciki minti 2 zuwa 5 ana juyawa. Akwai gwaji mai sauƙi: a jefa guntun bakin fim da aka datse cikin fiksa, a duba lokacin da ya ɗauka kafin ya washe, a ninka shi biyu, shi ne lokacin da fim zai yi a ciki. In fim ya fito da fari-fari kamar madara, a mayar da shi. Fiksa da ya gaji yana ɗauke da azurfa, don haka a tara shi a jarka, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya. A sa safar hannu, domin wasu sinadaran difelofa suna sa ƙaiƙayin fata, kuma kofunan nan kada su koma kicin.

Ɗauraya ce ke tabbatar da daɗewar nagetif, tunda ragowar fiksa tana ɓata hoto bayan shekaru. Ba sai an bar famfo yana ta zuba ba. Hanyar Ilford ita ce a cika tanki a kifa sau 5 a zubar, a sake cikawa a kifa sau 10, sannan sau 20. A ƙarshe a tsoma fim cikin ruwa mai tsabta da aka ɗiga wa sinadarin Photo-Flo, kashi 1 cikin 200, don ruwa ya zame ba tabo. Inda ruwan rijiya ko na burtsatse yake da gishiri, a yi wannan matakin da tataccen ruwa. A rataye fim da maƙali sama da ƙasa, a rufe ƙofa, a kashe fanka. Jiƙaƙƙen jelatin yana kama ƙura ya riƙe ta har abada, don haka a lokacin hunturu a yayyafa ruwa a banɗaki tukuna ƙura ta kwanta. Bayan ya bushe sarai, a yanka shi hoto shida-shida a sa a rigar ajiya.

Wasu na tsoron cewa kuskure ɗaya zai cinye hotuna 36 da ba za su dawo ba. Haka ne, amma nagetif yana faɗin abin da ya same shi. Lambobin da kamfani ya buga a gefen fim su ne shaida: in sun fito baƙi sosai amma hotunan sun yi haske, matsalar daga kyamara take, in su ma sun yi dishi-dishi, wankin ne bai kai ba, in fim ya fito fes babu ko lamba, an riga an zuba fiksa kafin difelofa. Wanda ke rubuta fim, ruwa, zafi da lokaci a littafi, ya kuma sauya abu ɗaya tak a wanki na gaba, zai gano inda gyara yake. Mai sauya komai a lokaci guda ba zai taɓa sanin abin da ya yi aiki ba.

Saura babbar tambaya: me ya sa za a sha wannan wahala alhali waya tana ɗaukar hoto nan take? Ba wanda zai musa sauƙin waya, fim da sinadarai kuma sun yi tsada, sau da yawa sai an yi odarsu daga waje. Sai dai nagetif abu ne da ake riƙewa a hannu, ba ya tafiya da ɓatan waya ko mantuwar lambar sirri. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, kuma daga nagetif ɗin da ya adana ne aka sake buga hotunansa a shekarun 1990 har duniya ta san shi. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara hotuna kusan 1,000 da suka zama taskar tarihi. Waɗannan ayyuka sun rayu ne saboda an wanke su da kyau, an ɗauraye su sosai, an kuma ajiye su a busasshen wuri. Nagetif ɗin yau ma ana iya sa shi a sikana ya shiga kwamfuta, asalin kuma yana nan a ajiye. Duk mai son jikokinsa su ga fuskar iyayensa yadda take, ya sayi ma'aunin zafi mai kyau kafin ya sayi kyamara mai tsada, ya kuma buɗe littafin rubuta awonsa tun daga fim na farko.