Fentin Adon Dandali da Kuɗi Kaɗan

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙauye ko ta makaranta ba ta cika samun kuɗi ba. Amma in za a nuna zauren mai gari ko ɗakin asibiti, dole a zana su a jikin ƙyalle ko kwali, a kafa a bayan 'yan wasa. Nan ne batun fenti yake shigowa.

Fentin da aka fi sayarwa a kasuwa iri biyu ne: na mai da na ruwa. Na mai shi ne wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe. Yana da tsada, yana da wari, yakan yini bai bushe ba, kuma sai da kananzir ake wanke burushinsa. Babban aibinsa a dandali shi ne ƙyalli. Da an haska fitila sai ya riƙa kashe wa 'yan kallo ido. Wasu irinsa ma suna ɗauke da gubar dalma, wadda ke cutar da yara. A bar wa ƙofa kayanta.

Na ruwa, wato na bangon ɗaki, shi ya dace. Ba ya ƙyalli, yana saurin bushewa, ruwa kawai ake sirka shi da shi. Kada ku sayi launi goma. Ku sayi fari galan ɗaya mai lita 4, sannan ja da shuɗi da rawaya da baƙi a ƙananan gwangwanaye. Shuɗi da rawaya suna ba da kore. Ja da rawaya suna ba da ruwan goro, in aka ɗiga baƙi kaɗan ya koma ruwan ƙasa. Kullum mai duhu ake ɗigawa cikin mai haske. Wanda ya fara da baƙi zai ƙarar da farinsa bai kai ga launin da yake so ba.

In ko kuɗin galan ɗin ma babu, akwai na gida. Farar ƙasa, jar ƙasa, garin gawayi da shunin wanki duk launi ne. Sai dai suna bukatar abin da zai riƙe su, shi ne ƙaro, wanda malamai ke sa wa tawadar allo. Ana samunsa jikin itacen dakwara, kuma yana da yawa a Yobe da Barno da Jigawa. A jiƙa shi ya kwana, a tace da ƙyalle. A daka ƙasar, a tankaɗe da rariya, a dama da ruwan ƙaron har ya yi kaurin kunu.

Kafin a hau aiki, a shafa kaɗan a gutsuren kwali, a jira ya bushe. Haɗin farar ƙasa yakan yi haske sosai bayan ya bushe, saboda haka jiƙaƙƙensa ba abin dogaro ba ne. Sannan a goga tafin hannu a kai. In gari ya biyo hannu, ƙaro ya yi kaɗan. In ya tsattsage, ya yi yawa, a ƙara ruwa da ƙasa. A dama na yini ɗaya kawai, domin yana tsami in ya kwan biyu.

Ƙyalle kuwa, akoko ya isa. A ɗame shi a jikin katako tukuna, a shafa masa ruwan sitaci, don kada ya shanye fenti. Kwali a shafe shi ciki da baya, in ba haka ba zai lanƙwashe.

Mai zane ya riƙa ja da baya kamar taku 10 yana dubawa, tunda daga can 'yan kallo za su gani. Ƙananan zane-zane ɓata lokaci ne. Soso da aka tsoma a jar ƙasa aka daddanna ya fi burushi fito da kamannin bangon laka.

Haɗin ƙaro ba ya jure ruwan sama. In wasan a fili ne da damina, gara na kanti. Bayan an tashi, a naɗe ƙyallen a jikin gora, kada a ninke shi, don fentin yakan fashe a wurin ninki.