Sa Idon Jama'a a kan Makarantun Gwamnati: Nazari a kan Birnin Shikago

Gabatarwa

Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: wa ya kamata ya riƙe ragamar makarantar gwamnati, ma'aikatan ilmi da aka horar domin aikin, ko kuwa iyayen da 'ya'yansu ke zaune a cikin azuzuwa? Maimakon a yi ta jayayya a kan ra'ayi kawai, za mu ɗauki birni guda mu bi tarihinsa, watau Shikago, birni mafi girma a Jihar Ilinoi ta Amurka. Dalilin zaɓen wannan birni kuwa shi ne, a cikin shekaru kamar 35 ya jarraba hanyoyi uku dabam-dabam, kowace kuma ta bar darasi. Za mu ga cewa sa ido ba ya da amfani sai an haɗa shi da iko, kuma ikon da aka bayar a ƙasa yana iya zama banza muddin ba a sami irinsa a sama ba.

Halin da Ake Ciki Kafin 1988

A Amurka ba gwamnatin tarayya ke gudanar da makarantu ba. Kowace jiha ita ke yin dokokinta na ilmi, sannan ta damƙa aikin yau da kullum a hannun hukumomin ilmi na gundumomi, waɗanda akasarinsu jama'a ke zaɓen wakilansu. Shikago ta sha bamban, domin a wancan lokaci magajin gari ne ke naɗa 'yan hukumar ilminta. Hukumar nan ɗaya ita ke kula da makarantu sama da 500 da ɗalibai wajen 400,000, mafi yawansu 'ya'yan baƙaƙen fata da 'ya'yan mutanen da asalinsu daga Latin Amurka ne, galibi kuma 'ya'yan talakawa.

A 1979 baitulmalin hukumar ya karye, har albashi ya gagara. Daga 1969 zuwa 1987 malamai sun yi yajin aiki sau 9, na ƙarshen kuwa ya cinye kwanakin karatu 19. A watan Nuwamba na wannan shekara Sakataren Ilmi na tarayya, William Bennett, ya zo birnin ya ce makarantunsa su ne mafi lalacewa a ƙasar baki ɗaya. Ko maganarsa daidai ce ko akwai ƙarin gishiri, ta faɗo ne a lokacin da tura ta kai bango. Magajin gari Harold Washington, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami, ya tara iyaye da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin unguwanni domin a nemi mafita. Ya rasu a cikin watan Nuwamban nan, amma haɗin gwiwar da ya ƙulla bai watse ba, har ya kai ga majalisar dokokin jiha ta yi dokar gyaran makarantun Shikago a 1988.

Majalisar Makaranta da Ikonta

Jigon dokar shi ne a kafa wa kowace makaranta majalisarta, wadda ta ƙunshi iyaye 6, da mutanen unguwa 2, da malamai 2, da shugaban makaranta. A makarantun sakandare akwai kuma wakilin ɗalibai, daga baya aka ƙara kujerar ma'aikacin da ba malami ba. Wa'adin wakilai shekara 2 ne, shugaban majalisa kuwa dole ya fito daga cikin iyaye. Duk wanda ya ƙirga kujerun zai ga cewa da gangan aka ba iyaye rinjaye. Hujjar masu dokar ita ce abin da Bahaushe ya daɗe da sani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya raba wannan majalisa da ƙungiyar iyaye da malamai da aka saba gani shi ne ikon da doka ta ɗora mata, iri uku. Na farko, ita ke zaɓen shugaban makaranta, ta ba shi wa'adin shekara 4, in ya cika ta duba aikinsa, ta sabunta masa ko ta sallame shi. Kafin wannan lokaci, shugaba in ya sami makaranta ya samu ke nan. Na biyu, sai da amincewarta ake zartar da shirin kyautata makaranta. Na uku, ita ke amincewa da yadda za a kashe wani kaso na kuɗi, musamman kuɗin da jiha ke warewa saboda 'ya'yan matalauta, wanda a dā yake maƙalewa a babban ofis.

An yi zaɓen farko a watan Oktoba 1989. Mutum wajen 17,000 suka tsaya takarar kujeru kamar 5,400, masu jefa ƙuri'a kuwa sun haura 300,000. A 1990 Kotun Ƙoli ta jihar ta soke tsarin zaɓen, bisa ƙarar da waɗansu shugabannin makarantu suka shigar, domin a ganinta bai daidaita nauyin ƙuri'ar masu zaɓe ba. Majalisar jiha ta gyara dokar a 1991, majalisun makarantu suka ci gaba da aiki.

Me Aka Samu?

Wata cibiyar bincike da aka kafa a Jami'ar Shikago a 1990, wadda Anthony Bryk yake cikin waɗanda suka assasa ta, ta bi diddigin makarantun firamare. A farkon shekarun gyaran ta gano cewa sun kasu kashi uku kusan daidai. Kashi ɗaya sun yi amfani da sabon ikon sun sake fasalin aikinsu, kashi na biyu suna ta fama amma ba su kai gaci ba, na uku kuwa an bar su a baya. Abin takaici, da yawa daga cikin na baya ɗin suna unguwannin da talauci ya fi yi wa katutu ne.

Dalilin wannan bambanci ba boyayye ba ne. Majalisa ba ta koyar da yaro karatu. Abin da za ta iya shi ne ta zaɓo shugaba nagari, ta tsaya masa, ta kuma tambaye shi bahasin aikinsa. Inda aka sami haka, kuma aminci ya ƙullu tsakanin iyaye da malamai, sai karatu ya ɗaga. Inda kuwa unguwa ba ta da ƙungiyoyi masu ƙarfi, iyaye suna can neman abin sawa a baka, sai majalisa ta zama ko dai 'yar amshin shatan shugaba, ko kuma fagen husuma. Bugu da ƙari, ɗokin farko ya yi sanyi: a zaɓuɓɓukan da suka biyo baya yawan 'yan takara ya faɗi ƙasa da rabin na 1989, har waɗansu kujeru suka riƙa zama babu kowa. Duba kasafin kuɗi da auna aikin shugaba abubuwa ne da sai an koya, kuma masu yin su a nan 'yan sa kai ne, ba albashi ake biyansu ba.

Komawar Iko Sama

A 1995 majalisar jiha ta juya akala. Ta ba magajin gari Richard M. Daley ikon naɗa ƙaramar hukuma ta mutum 5, wadda daga baya ta zama 7, da kuma babban jami'in gudanarwa irin na kamfani. Paul Vallas, wanda ya fara riƙe muƙamin, masanin kasafin kuɗi ne. Ba a rushe majalisun makarantu ba, amma an rage musu kaifi. A 1996 an sanya makarantu 109 ƙarƙashin kulawar babban ofis saboda rashin cin jarrabawa, kuma makarantar da ta shiga wannan sahu, ofis na iya ƙwace ikon majalisarta a kan kuɗi da shugaba. Daga 2004 kuma aka ƙara ƙaimi wajen buɗe sababbin makarantu waɗanda gwamnati ke biya amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke gudanarwa, irin waɗannan kuwa doka ba ta tilasta musu zaɓaɓɓiyar majalisa ba.

Iyakar ikon iyaye ta fito fili a 2013, zamanin magajin gari Rahm Emanuel, lokacin da hukumar ta rufe makarantu kusan 50 a tashi ɗaya. Hujjarta ita ce ɗalibai sun ragu, gine-gine sun yi yawa, ga kuma giɓin kuɗi, kuma akwai gaskiya a cikin batun raguwar. To, amma yara kamar 12,000 abin ya shafa, kusan 9 cikin kowane 10 baƙaƙen fata ne. An kira tarurrukan jin ra'ayi, iyaye suka yi tururuwa suka nuna ƙin yarda, amma ba su da ƙuri'ar da za su tsige ko da mutum ɗaya daga cikin hukumar. Majalisar da ke da ikon zaɓen shugaba ba ta da ta cewa a kan ko makarantar za ta wanzu. Binciken cibiyar Jami'ar Shikago na 2018 ya nuna cewa karatun yaran ya sami koma baya tun daga shekarar da aka yi shelar rufewar.

Shekarar 2015 ta ƙara hura wutar. Babbar jami'ar gudanarwa, Barbara Byrd-Bennett, ta amsa laifin zamba dangane da wata kwangila ta dala miliyan 20 da aka bayar ba tare da gasa ba, kwangilar da naɗaɗɗiyar hukumar ta amince da ita. A unguwar baƙaƙen fata ta kudancin birni kuma, mutum 12 suka yi yajin ƙin cin abinci na kwana 34 domin a sake buɗe sakandaren Dyett, aka kuwa buɗe ta a 2016. A wata ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi a mazaɓu 37 daga cikin 50, kusan kashi 90 cikin 100 sun nemi a riƙa zaɓen hukumar ilmi.

Zaɓaɓɓiyar Hukuma

A 2021 Gwamna J. B. Pritzker ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukuma mai kujeru 21. A watan Nuwamba 2024 jama'a suka zaɓi 10 daga cikinsu, karo na farko a tarihin birnin, magajin gari Brandon Johnson ya naɗa sauran 11, suka kama aiki a Janairu 2025. Dokar ta tanadi cewa daga zaɓen Nuwamba 2026 dukan kujerun na zaɓe ne. Sai dai wannan ma yana da nasa haɗari, domin a zaɓen 2024 ƙungiyar malamai da masu goyon bayan makarantun nan na ƙungiyoyi masu zaman kansu sun zuba miliyoyin daloli wajen yaƙin neman zaɓe. Uwa talaka da ke iya cin kujerar majalisar makarantar ɗanta, da wuya ta iya karawa a irin wannan fage.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya tsamo abubuwa uku. Na ɗaya, kwamitin da ba ya iya taɓa kuɗi ko shugaba, shawara kaɗai yake bayarwa, shawara kuwa ɗaukar ta sai an ga dama. Na biyu, miƙa iko ga jama'a ba ya sauke wa gwamnati nauyinta. Unguwar da ta fi rauni ita ta fi bukatar horo da tallafi, in ba haka ba tazarar da ke tsakaninta da sauran sai ta ƙaru. Na uku, manyan shawarwari, irin su rabon kuɗi da buɗewa ko rufe makaranta, a sama ake yanke su, saboda haka dole jama'a su sami hanyar tuhumar masu yanke su. Shikago ta ba iyaye iko a ƙasa a 1988, ta ɗauki shekara 36 kafin ta fara ba su irinsa a sama. Yanzu ne matakan biyu suka fara aiki tare, kuma ya dace masu nazarin sha'anin ilmi su zuba ido su ga ko zaɓaɓɓiyar hukumar za ta ƙarfafa majalisun makarantu, ko kuwa ita ma za ta tattara ikon a hannunta kamar yadda ta gabanta ta yi.