Ina Za a Je Kallon Taurari Daga Cheras?

Wani mai sauraronmu da ke karatu a Cheras, cikin Kuala Lumpur, yana tambaya: wane wurin shaƙatawa na kan tsauni zai kai ƙannensa su ga daji da rana, su kalli taurari da dare?

To malam, mafi kusa da kai shi ne Genting Highlands, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Lim Goh Tong ya fara gina shi a 1965, kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,800. Kejin da ke tafiya kan waya zai ratsa da ku saman kurmi, yara za su sha kallo. Sai dai fitilun otal-otal da hazo kan rufe sama da dare.

Mu dai Bukit Fraser muka fi so maka, nisan kimanin kilomita 100. Akwai tsuntsaye sama da iri 250, har gasar ƙidaya su ake yi duk shekara. A sa doguwar safa saboda matsattsaku.

Ku je a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da babu farin wata, kuma ku kauce wa ruwan Nuwamba da Disamba. A kashe waya minti 20 don ido ya saba da duhu. Daga Janairu zuwa Maris, taurarin Kaza da 'Ya'yanta na sama bayan magariba, kamar a Kano. In gajimare ya hana, gidan nuna taurari na Planetarium Negara na nan cikin birnin Kuala Lumpur.