Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Motar Wasa Mai Rimot

Wanda ya sayi motar rimot ta hannu, zuciyarsa kan yi gaggawar sa mata sabon inji mai gudu. Ni a ganina inji ne abin da ya kamata a taɓa a ƙarshe. Bari mu ɗauki Slash ta kamfanin Traxxas na jihar Texas a Amurka, wadda ta fito a 2008, girmanta kashi ɗaya cikin goma na motar gaske. Na zaɓe ta ne domin kowane ƙarfe da roba da ke jikinta ana sayar da shi shi kaɗai, ba kamar motocin yara na kanti ba, waɗanda in abu ɗaya ya karye sai bola.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ɗauki hotonta ta kowace fuska da wayarka, don ranar mayarwa za ka neme shi. Cire marfin, ka kakkaɓe ƙura da tsohon buroshin goge baki. Sai ka ɗora ta a kan katako, tayoyi a sama, ka juya kowace da hannu. Wadda ta yi ƙara kamar ana niƙa yashi, ko take girgiɗi, boris ɗinta ya mutu. Kada ka tsaya wanke shi, ba shi da tsada, canza duka na tayoyin huɗu.

Daga nan sai batir. Tsofaffin motocin nan da NiMH mai bolt 7.2 ko 8.4 suke zuwa, kuma wanda ya shekara a ajiye da wuya ya riƙe caji. Ari mai kyau ka gwada motar da shi. Ka fara kunna rimot, sannan motar. Wajen kashewa kuma motar ce farko. In sitiyari ya amsa amma inji ya yi shiru, bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa dalma ce ta saki. In kuma sitiyarin yana ƙara amma tayoyin gaba ba sa juyawa, haƙoran roba na cikin ɗan akwatin da ke juya shi sun cinye. Nan wuri ne da ya cancanci kuɗinka: sayi mai haƙoran ƙarfe. Ka haɗa shi da wuta ya tsaya a tsakiya tukun, sannan ka ɗaura masa hannu, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe ɗaya.

Inda aikin ya fi son natsuwa shi ne tsakanin ƙaramar giyar ƙarfe ta bakin inji da babbar giyar roba da take juyawa. In sun matsu da yawa, inji ya yi zafi. In sun yi sako-sako, ƙaramar ta aske wa babbar haƙora cikin 'yan mintuna. Sassauta kusoshin da ke riƙe da inji, ka yanki siririyar takarda ka cusa tsakanin giyoyin biyu, ka matsa inji har takardar ta kamu, ka ɗaure, sannan ka juya giyar takardar ta fita. Ɗan sararin da ta bari shi ake nema. Ka zagaya babbar giyar ka taɓa wurare uku ko huɗu, domin tsohuwa ba ta cika zama daidai ko'ina ba. Kada ka shafa musu giris, ƙura zai tara. A tsakiyar babbar giyar akwai noti na kulocin da ke zamewa in nauyi ya yi yawa; matse shi har sifirin ya tsuke, ka dawo da shi zagaye ɗaya.

Shokozoba huɗun kuwa, zubar da tsohon man, ka zuba man silikon, ka motsa sandar a hankali har kumfa ta gama fita. Marufansu na roba kan fizge in motar ta diro daga tudu, don haka na alminiyom sun fi. Amma hannayen da ke riƙe da tayoyi, bar su a robarsu. Roba kan lanƙwasa ta dawo, alminiyom kuwa in ya lanƙwashe shi ke nan, kuma yakan tura bugun zuwa abin da ya fi shi tsada.

Sai motar ta yi tafiya lafiya da injinta na asali za a yi maganar ƙarin ƙarfi. Fara da batirin LiPo mai ɗaki biyu, bolt 7.4. Kowane ɗaki yana cika a 4.2, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 3.0 ba, saboda haka ka tabbata na'urar sarrafa gudu tana yanke wuta da kanta in batir ya yi ƙasa. Cajar LiPo kaɗai za ka yi amfani da ita, kana wurin, nesa da katifa da labule. Wanda ya kumbura kada ka sake caja shi, yana iya kama wuta.

Inji marar gawayi, irin Velineon 3500, shi ne mataki na ƙarshe, kuma da tasa na'urar sarrafa gudu ake sa shi. Sake auna giyoyin da takarda, ka tuƙa minti biyar, ka tsaya ka taɓa injin. In yatsanka bai iya jure daƙiƙa uku ba, sa ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora, ka sake gwadawa.