'Ya'yana, Ku Riƙa Biyan Bashi

Samari da 'yan matan ikkilisiya, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganar bashi nake so mu yi, domin tana cin mutuncin yaranmu da yawa, kuma ba kasafai ake taɓo ta a wa'azin Lahadi ba.

Cin bashi ba laifi ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na mudun masara suka yi tashin gwauron zabo, gidaje kaɗan ne ba su je wurin mai shago an rubuta musu ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin da ke biyo baya. Yaro zai karɓi kuɗi da alkawarin ƙarshen wata, wata ya ƙare, sai ya sauya hanya, ya daina ɗaga waya. Ranar Lahadi kuwa ga shi a sahun mawaƙa da sabon ɗinki, mai kuɗin yana zaune a bencin baya yana kallonsa. Yarinya za ta kwashi adashi, daga nan zubi ya gagare ta, uwar adashi ta yi ta sintiri a ƙofar gidansu.

Ku buɗe 2 Sarakuna sura 4. Wani mutum daga cikin ƙungiyar annabawa, mai tsoron Allah, ya mutu da bashi a kansa, mai bin bashin kuma yana shirin ɗauke 'ya'yansa biyu su zama bayi. Matarsa ta kai kuka wurin annabi Elisha, ba ta da komai a gida sai ɗan mai a tulu. Ta aro tandaye wurin maƙwabta, Allah ya sa man ya yi ta zuba har suka cika. Mun saba tsayawa a nan mu yi ta murnar mu'ujiza. Ku ƙarasa labarin. Annabin ya umarce ta ta sayar da man ta fara biyan mai bin ta, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci abin da ya rage. Allah da kansa ne ya buɗe mata ƙofa, amma bai yafe mata haƙƙin mutumin nan ba, sai ya ba ta abin biya. In Ubangiji ya buɗe maka hanya, ɗana, albashi ya shigo ko amfanin gona ya yi kyau, kason farko na wanda ya rufa maka asiri ne lokacin da ba ka da shi.

Haka Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Ranar da Yesu ya sauka a gidansa, tubansa ya taɓa aljihunsa, har ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. A Matiyu sura 5 kuma Ubangiji ya koyar cewa mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya. Ina jin tsoro ƙwarai in na ga matashi ya fito da rawa ranar baikon godiya alhali mai gyaran babur ɗinsa wata uku yana jiran kuɗin aikinsa.

Ku tuna kuma da wanda kuke zaune da shi. Mai shagon unguwarku wataƙila Musulmi ne, ba zai taɓa shiga majami'a ya ji wa'azin fasto ba. Abin da ya sani game da Almasihu, a littafin bashinsa yake karanta shi, kusa da sunanka.

Bashin waya ma ku yi hattara da shi. Manhajojin rance suna ba da kuɗi cikin minti kaɗan, ruwan da suke ɗorawa yana da nauyi, wasunsu kuma in an makara sai su aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayarka. Mafi muni shi ne a ci bashi a zuba a cacar ƙwallo, ko a harkar da aka ce kuɗi zai ninka kansa. Yayyenku suna tuna Disambar 2016, lokacin da wata irin wannan harka mai suna MMM ta rufe asusun mutane ana gab da Kirsimeti, da kuɗin makaranta da jarin mata a ciki.

Wanda Allah ya hore wa a cikinku har yake ba da rance, ya yi da tausayi. Nehemiya ya tsawata wa manyan Yahuda da suka karɓe gonakin 'yan'uwansu saboda bashi a lokacin yunwa, ya sa suka mayar.

'Ya'yana, cikin makon nan kowa ya zauna ya rubuta sunayen masu bin sa. Ka taka da ƙafarka ka je wurin kowannensu, ka gaishe shi, ka faɗa masa gaskiyar halin da kake ciki. In dubu biyu kake da ita cikin dubu ashirin, miƙa ta, ka sa ranar da za ka iya cikawa. In kunya ta hana ka, ka nemi ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya ya raka ka. Mu iyayenku a shirye muke mu raka ku.